Darasin Wannan Wata: Gidan Sarauta Na Haikiliya

Darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Ingila. A kudancinta akwai wani tsohon gidan sarauta mai suna Highclere, a lafazinmu Haikiliya. Gidan yana tsakiyar fili mai faɗin eka 5,000.

Tun shekarar 1679 wurin yake hannun zuriya ɗaya, masu riƙe da sarautar Kanabon. A 1842 aka fara sabunta ginin, aka yi masa dogayen hasumiyoyi. Wanda ya zana shi, Charles Barry, shi ne ya zana majalisar dokokin Ingila. Wani basaraken gidan ne ya ba da kuɗin aikin da ya gano kabarin Fir'auna Tutankamun a Masar a 1922.

Amma abin da ya fi jan ido shi ne lambun da ya kewaye gidan, mai eka 1,000. Wani gwanin tsara lambu, Lancelot Brown, ya shata shi wajen 1770. Ba ya son jera itatuwa kan layi. Yakan dasa su gungu-gungu, ya bar ciyawa shimfiɗe a tsakani, dabbobi suna kiwo. A ayyukansa yakan haƙa gwalalo a maimakon shinge. Dabba ba ta iya tsallakewa, ido kuma yana hango nesa.

Sai dai wannan ƙawa ba a banza ta samu ba. Da can akwai ƙauye kusa da gidan. Aka tashi mutanensa, aka mayar da su wani wuri don a faɗaɗa lambun.

A lambun akwai wasu manyan itatuwa da ake kira sida, asalinsu daga ƙasar Labanan. Sun haura shekara 200 a tsaye. Brown ya mutu a 1783, bai ga girmansu ba. Yau baƙi suna biyan kuɗi su shiga su sha inuwarsu, kuɗin kuma yana taimakawa wajen gyaran gidan.

Ka ga ke nan, mai dasa itace jikokinsa yake yi wa tanadi.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa gidan Haikiliya yake?
2. Me ya sa Brown yake haƙa gwalalo?
3. Me ya sami mutanen ƙauyen? Daidai ne abin da aka yi musu?
4. Wane itace ne ya fi tsufa a garinku? Wa ya dasa shi?