DARASI: JINGAR RUWA TA ƘASA DA YADDA AKE AUNA HAƊARINTA

Jama'a makiyaya da manoma, a jihar Damagaram akwai baraji irin na Kasama da Tumbala, akwai kuma ƙananan jinga da mutum ko ƙungiya ke yi da laka a tare kori, don shayar da bisashe, ko kamun kifi, ko garka. Abu ne mai amfani. Amma ruwan da aka tare, in ya ɓalle, ba ya sallama. A watan Agusta 1988 madatsar Bagauda ta ƙasar Kano ta fashe, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. A Satumba 2024 ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. A wannan watan ne kuma ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Zinder. Ke nan daminar da ta fi ƙarfin jinga tana iya zuwa mana.

YADDA AKE AUNA HAƊARI

Masana ba girman jinga kaɗai suke dubawa ba. Tambayarsu ita ce: in ta fashe, me ruwan zai tarar a gaba? Aji uku ne:

1. Ƙaramin haɗari: daji ne kawai ko fako, asarar ta mai jinga ce shi kaɗai.
2. Matsakaici: akwai gonaki, rijiyoyi, burtali ko hanyar mota.
3. Babban haɗari: akwai gidaje ko ruga inda mutane ke kwana, ko da gida ɗaya ne.

A lura: jinga sabuwa mai ƙwari tana iya zama a aji na 3. Kuma aji yana canjawa. Ranar da aka kafa ruga a gindinta, ranar ta hau aji na 3. Saboda haka kada a sauka a cikin kori ƙasa da jinga da damina.

ABIN DA ZA A DUBA

* Tsagewa a kan jinga, ko wurin da ya lotsa.
* Ruwa mai tsatsafowa ta baya. In garau ne, a sa masa ido. In ya fito da laka, cin jingar yake ta ciki, a kwashe mutane da dabbobi nan take.
* Ramin gafiya da shurin gara.
* Itace a kan jinga. Saiwa in ta ruɓe, ta zama hanyar ruwa. Ciyawa ake so.
* Mafitar rarar ruwa. Kada a toshe ta wai don ruwa ya ƙaru. Ruwa in ya hau kan jingar ƙasa, yanka ta yake kamar wuƙa.

AIKIN MAKIYAYI

Kofaton shanu yana kashe ciyawa, ya buɗe zaizaya. A shinge jingar da ƙaya, a ware mashaya daga gefe. A zagaya ta kafin damina, da bayan kowane babban ruwa. Wanda ya ga alama, ya sanar da mai gari da ma'aikatan Jeni Rural. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYA: Jingar da kuke shayarwa, a wane aji take? Su wa ke kwana a ƙasanta?