Cututtukan da ke Tayar da Ciwon Ɓarin Kai

Ciwon ɓarin kai cuta ce ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma galibi gadonta ake yi. Yakan kama gefe ɗaya na kai yana bugawa, ya zo da tashin zuciya ko amai, mai shi ya ƙi haske da hayaniya. Idan ba a sha magani ba yakan ɗauki awa 4 zuwa 72. Kusan mutum 1 cikin 7 a duniya na fama da shi, mata kuma sun ninka maza wajen sau 3. Wasu kafin ciwon ya sauka sukan ga walƙiya ko layuka masu kyalli, ko hannu da leɓe su sage, na minti 5 zuwa 60.

Mai wannan gado ƙwaƙwalwarsa ba ta son sauyi. Duk abin da ya taɓa barci, ko sukarin jini, ko ruwan jiki, ko sinadaran jiki, zai iya tayar da ciwon. Shi ya sa idan ciwon da ke zuwa sau ɗaya a wata ya koma kowane mako, abin da ya kamata a tambaya shi ne me ya sauya a jikin. Sau da yawa akwai wata cuta a ƙasa da ba a gano ba.

A wajen mata, babban dalili shi ne faɗuwar sinadarin istrojin. Yakan sauka gab da al'ada, ciwon ya taso daga kwana 2 kafin jini zuwa kwana na 3 da farawarsa, kuma irin wannan ya fi tsanani, ya fi daɗewa. Mata da yawa sukan sami sauƙi bayan wata 3 na farkon ciki, ciwon ya dawo bayan haihuwa. Shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa su ma lokaci ne na tsananta. Akwai gargaɗi a nan da bai kamata a yi wasa da shi ba: macen da ke ganin walƙiya kafin ciwon kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da istrojin, domin haɗuwar biyun na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana hakan, kuma akwai wasu hanyoyin tazarar da ba su da wannan matsala.

Ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe yana biye, musamman ga mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada, ko mai ƙarin mahaifa, ko wadda ta yi haihuwa a jere. Gwajinsa ba shi da tsada, amma an fi mantawa da shi. Masu sikila, har da yara, sukan yi ciwon kai akai-akai, kuma nasu ba a ɗaukarsa da sauƙi saboda haɗarin toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa. Raunin ƙwayar tairod da ke gaban wuya shi ma yana tafiya da ciwon. Alamunsa kasala, jin sanyi, ƙiba ba dalili da bushewar fata.

Matsalar barci ta cancanci a tsaya a kanta. Akwai masu minshari mai ƙarfi waɗanda numfashinsu ke ɗaukewa sau da dama cikin dare ba su sani ba. Iskar da ke jini ta ragu, barci ya yanke, su tashi da nauyin kai, su yini suna gyangyaɗi. Yawanci mai ɗaki ko maigida ne ke ba da labarin, don haka yana da amfani a zo asibiti tare. Ƙiba na jawo wannan, kuma ita kanta tana tura ciwon ya zama na kullum, wato ciwon kai na kwana 15 ko fiye a wata har tsawon wata 3. Ciwon damuwa da fargaba kuwa juna suke ciyarwa da ciwon ɓarin kai: wannan ya tsananta wancan. Mutane na jin nauyin faɗa, sai su ce "kai ne kawai", alhali maganin damuwar kan rage ciwon.

Faɗuwar sukari na tayar da shi ga mai ciwon suga da ya sha magani bai ci abinci ba. Haka azumi, musamman kwanakin farko, inda yunwa da ƙishirwa da guntun barci da rashin shayi ko goro ke haɗuwa. Mai wannan ciwo ya ga likita kafin Ramadan, ya jinkirta sahur, ya sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da asuba. Hawan jini kuwa ana ɗora masa laifin da ya fi nasa. Yawancin masu shi ba sa jin komai. Duk da haka a riƙa aunawa, tun da wasu magungunansa, irin su furofaranolol, suna hana ciwon tasowa.

Abin da ake yawan gani a ɗakin duba marasa lafiya, kuma ya fi ban takaici, shi ne ciwon da magani ya haifar. Wanda ke shan farasitamol ko aibufurofen kwana 15 a wata, ko gauraye mai sinadarin kafeyin, ko kodin, ko taramol kwana 10 a wata, kansa zai saba, ciwon ya riƙa dawowa da zarar ƙwayar ta sake shi. Ga kuma al'adar kiran kowane ciwon kai "maleriya da taifot" a kemis ba tare da gwaji ba, wadda ke sa mutum ya shekara yana shan maganin cutar da ba shi da ita.

Wasu ciwon kan ba na ɓari ba ne, kuma ba sa jira. Wanda ya sauka farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, wanda ya zo da zazzaɓi da sandarewar wuya irin na sanƙarau, ko da karkacewar baki, raunin hannu ko ruɗewa, ko wanda ya fara bayan shekara 50, duk a nufi asibiti nan take. Haka mai ciki da ta wuce mako 20 ta ji ciwon kai da kumburin fuska ko dishi-dishin gani, domin yana iya zama mafarin jijjiga.

Ga sauran, a sami ɗan littafi a riƙa rubuta ranar ciwo, awannin barci, kwanakin al'ada da kowace ƙwaya da aka sha, na tsawon wata 2 ko 3. A tafi da shi wurin likita, a nemi a auna jini, a gwada yawansa, a duba suga da tairod idan alamu sun nuna.