Saye Ne Ko Aro? Shari'ar Akwatin Wasa

Hakimai da Malamansu sun saba da rarrabe saye da aro da jingina. A ƙasashen waje an daɗe ana irin wannan jayayya a kan akwatin wasa, watau na'urar da a ke haɗawa da talabijin a yi wasa. Akwatin nan abu biyu ne: akwai gangar jikinsa, akwai kuma manhaja, watau jerin umurnin da ke tafiyar da shi. Kamfanoni sun ce gangar jikin kaɗai suka sayar, manhaja kuwa aro ce, har suka sa mata kulle domin kada ta karɓi wasan da aka kwafa ta hanyar sata. Masu saye kuwa suka ce wanda ya biya kuɗi shi ke da iko da kayansa.

A shekarar 1998 Majalisar Amurka ta kafa doka ta hana karya irin wannan kulle, amma ta yarda a riƙa duba inda za a sassauta bayan kowace shekara 3. A 2010 aka sassauta wa masu wayar hannu. A 2012 aka nemi haka ga akwatin wasa, aka ƙi, don tsoron satar wasanni.

Kamfanin Sony ya fitar da akwatin PlayStation 3 a 2006, da damar sa masa wata manhaja mai suna Linux. A watan Afrilu 1 ga wata na 2010 kamfanin ya janye damar nan, har ga waɗanda suka riga suka saya. Suka kai ƙara, daga bisani Sony ya yarda ya biya dala miliyan 3.75. A Janairu 2011 kuma wani saurayi, George Hotz, ya bayyana makullin akwatin a intanet. Sony ya yi ƙararsa a Kalifoniya, amma aka sasanta a Afrilu, ya yi alkawarin ba zai sake ba. Saboda haka alƙali bai yanke hukunci a kan ainihin maganar ba.

A Turai an ɗan bambanta. A 2014, cikin ƙarar Nintendo da PC Box, Babbar Kotun Tarayyar Turai ta ce kada kulle ya wuce gwargwadon bukata, a kuma duba abin da mutane ke yi da kayan buɗe shi. A 2024, cikin ƙarar Sony da Datel, ta ce wanda ya canja lissafin da wasa ke riƙe da shi na ɗan lokaci, bai kwafi manhajar ba, bai taɓa haƙƙin mai ita ba.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ita ma ta hana karya irin wannan kulle. To, in magana irin wannan ta zo gaban Hakimi, ya kamata ya san abu uku kafin ya tura ta ga kotu: me aka yi wa mai saye alkawari ranar ciniki, me aka canja a akwatin, da kuma nufin canjawar, gyara ne ko kwafar kayan wani. Mai saye kuma ya karanta sharuɗɗa tun bai biya ba, gama kayan aro ba ya rufe katara.