Faɗi Mayday tun da sauran lokaci

Ko kana koyon tuƙin jirgin sama a kwalejin Zariya, ko ka samu aiki a jirgin ruwa a Legas, akwai kira biyu da ya kamata su zauna a bakinka tun kafin ranar buƙata.

1. Rarrabe su. Mayday na lokacin da rai ke cikin haɗari ne yanzu-yanzu: gobara ta tashi, ruwa na cika jirgi, mai ya kusa ƙarewa a sama. Pan-Pan kuwa matsala ce mai gaggawa da ba ta kai ga halaka ba, kamar injin jirgin ruwa ya mutu alhali teku na kwance. Kowanne sau uku ake faɗinsa a jere.

2. Haddace lambobin. A teku, tasha ta 16 a rediyon VHF. A sama, fara da tashar da kake magana da hasumiya. In shiru, koma 121.5. Sa 7700 a na'urar da ke nuna jirginka a rada, ko 7600 in rediyon ne ya mutu.

3. Gobe da safe, ɗauki kati ka rubuta: sunan jirgi, inda kake, abin da ya faru, mutum nawa ne a ciki, taimakon da kake so. Manna shi kusa da rediyo. Tsoro na kwashe abin da aka haddace. In a jirgin ruwa kake, duba ko jan maɓallin neman agaji da ke jikin rediyon na haɗe da GPS, don shi ke aika inda kake ko da bakinka ya kasa.

4. Kada ka yi kwana-kwana. Wannan ya fi damuna. A watan Janairun 1990, jirgin Avianca daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi, yana jiran izinin sauka a New York. Matuƙan sun ce mai na ƙarewa, sun roƙi a ba su fifiko, amma ba wanda ya furta Mayday. Masu kula da zirga-zirgar jirage ba su gane cewa abin ya kai maƙura ba. Injinan suka mutu, jirgin ya faɗi, mutum 73 suka rasu. In ka kira Mayday, abin kuma ya lafa daga baya, kana iya janye kiran, kuma ba kunya a ciki.

5. In Mayday ɗin wani ka ji, bar tashar a buɗe, rubuta duk abin da ya faɗa. In ba wanda ya amsa masa, isar da saƙon da kanka, ka fara da Mayday Relay sau uku.