Yadda Ake Sauya Tsofaffin Tantanin Tacewa a Matatar Ruwan Sha

Ruwan famfon da ke isa birnin Yawunde, har da unguwannin Tsinga da Briketeri inda Hausawa suka daɗe da zama, kamfanin Camwater ne ke samar da shi daga kogin Nyong a matatar Akomnyada kusa da Mbalmayo, da kogin Mefou a Nkolbisson, sannan tun 2024 daga kogin Sanaga a yankin Batchenga. Bayan tsohuwar hanyar zuba alif a bar laka ta kwanta a tace da yashi, matatun zamani na amfani da tantanin tacewa, wato dubban zaruruwan roba masu kogo, sirara kamar silin taliya, waɗanda ƙofofinsu ba su wuce kashi 1 cikin 10,000 na milimita ba, ta yadda ruwa ke ratsawa amma laka da ƙwayoyin cuta su tsaya.

Tantanin yakan yi shekara 7 zuwa 10, sai dai ruwa irin na Nyong, wanda ruɓaɓɓun ganyayen kurmi suka rina shi ya yi baƙi-baƙi, yana saurin toshe shi. Ana gane ya tsufa ne idan injin turawa na ƙara wahala amma ruwan da ke fitowa na raguwa, kuma wanki da kulorin da sinadari mai tsami ya daina dawo da shi, ko kuma zaruruwan suka fara yawan tsinkewa.

Wajen sauya tantanin ba a tsayar da matata gaba ɗaya, domin hakan na nufin unguwanni masu cunkoso su koma ga rijiya da jarkokin 'yan ga-ruwa, abin da ke buɗe wa kwalara ƙofa; saboda haka layi ɗaya na tantanin ake ɗauka, sauran na ci gaba da aiki. Ana rufe bawul-bawul ɗin layin, a kashe wutarsa a sa kwaɗo, a tsiyaye ruwan, a kwance tsofaffin bututun da zaruruwan ke ciki, a wanke wurin, a kuma duba rariyar da ke gaba, don tsakuwa ɗaya da ta kuɓuce tana iya yanka sabon zare.

Sabon tantani yana zuwa a jiƙe cikin gilisarin, wani ruwa mai kauri da ke hana shi bushewa, kuma ba a buɗe ledarsa sai lokacin ɗaurawa, domin idan ya bushe ƙofofinsa sun lalace ke nan. Ana sauya duk zoben robar da ke hana yoyo, ko da tsohon yana da kyan gani, kuma tsimi a nan asara ce. Daga nan a yi ta ɗauraye layin ana zubar da ruwan har gilisarin ya fita, sannan a jiƙa shi da kulorin.

Mataki mafi muhimmanci shi ne gwajin iska. Ana hura iska a gefe ɗaya na jiƙaƙƙen tantanin, a rufe, a zuba wa agogon matsi ido na wasu mintoci: lafiyayyen zare ba ya barin iska ta wuce, don haka idan allurar ta yi ƙasa da sauri akwai ɓaraka. Ma'aikaci sai ya bi jerin kumfar da ke tasowa har ya gano zaren da ya tsinke, ya toshe bakinsa da ɗan ƙaramin tsinke, a sake gwajin.

Idan layin ya ci gwajin, ana sakar masa ruwa a hankali, a auna gurɓacewarsa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ta gaza ma'auni 1 na NTU, a rubuta matsi da yawan ruwan ranar farko domin da su za a riƙa kwatanta tsufansa. Sai an kammala wannan ake taɓa layi na gaba.