Bulon Zane: Yadda Ƙofa Ɗaya Ke Zama Ɗari Bakwai a Taswirar Gini

Duk wanda ya ratsa unguwar Apo a Abuja ba zai kasa lura da yadda gidaje suka yi kama da juna ba. Tun daga rukunin gidajen da aka gina wa 'yan Majalisar Tarayya har zuwa rukunonin da 'yan kasuwa suka gina daga baya a Apo da Gudu da Lokogoma, fasalin ɗaya ne: ƙofa iri ɗaya, taga iri ɗaya, banɗaki iri ɗaya. Wannan maimaici shi ne ke sauƙaƙa wa mai gini kuɗin aiki, kuma tun daga kwamfutar mai zanen taswira yake farawa.

A manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a watan Disamba na shekarar 1982, akwai wata dabara da ake kira bulo. Ba bulon siminti ake nufi ba, ko da yake akwai kama, domin shi ma sau ɗaya ake ƙera ma'auninsa, sannan a yi ta bugawa. Mai zane zai zana ƙofa guda, ya haɗe layukanta da umarnin BLOCK, ya sa mata suna, ya kuma zaɓi wurin kamawa, wanda galibi gefen da ƙofar ke juyawa ne. Daga nan duk inda ake bukatar ƙofa sai ya kira ta da umarnin INSERT, ya faɗi inda za ta zauna, da girmanta, da kusurwar da za ta fuskanta. Kwamfuta ba ta sake zana ƙofar. Asalin guda ɗaya take adanawa, sauran duk nuni ne zuwa gare shi.

A nan ne amfanin ɗan kasuwa yake. A ɗauka wani ya sami fili a Apo zai gina gidaje 60, kowane gida da ƙofofi 12, wato ƙofofi 720 ke nan. Idan farashi ya tilasta masa rage faɗin ƙofa daga milimita 900 zuwa 800, mai zane zai gyara asalin bulon ne kawai, nan take sauran da ke cikin wannan fayil su bi sahu. Bugu da ƙari, ana iya liƙa wa bulo bayanai kamar lambar kaya da irin katako da farashi, ta yadda manhajar za ta ƙirga su ta fitar da jadawali. Mai ƙiyasin kuɗin gini ya huta da ƙirga ƙofofi da bakin biro a kan takarda, wanda a nan ne sau da yawa lissafi ke ƙaruwa ko ya ragu ba tare da mai kuɗi ya sani ba.

To amma yadda gyara ke yaɗuwa, haka kuskure ke yaɗuwa. Wanda ya fi yawa shi ne na ma'auni. Masu zane a Nijeriya da milimita suke aiki, alhali yawancin bulon da aka shirya a Amurka da inci aka zana su. Ƙofa mai inci 36, idan aka shigar da ita ba tare da an daidaita ma'auni ba, za ta fito da faɗin milimita 36 kacal. Wannan mai sauƙin ganewa ne, sai a ninka ta sau 25.4. Abin tsoro shi ne mai zanen da zai ja ta da ido har ta yi kama da daidai. Ko an ninka ta yadda ya kamata ma, milimita 914 za ta bayar, ba 900 ba, kuma wannan 'yar tazara ta isa ta sa birkila ya koma yana sassaƙar bango a gidaje 60.

Kuskure na biyu shi ne wargaza bulo da umarnin EXPLODE don yin ƙaramin gyara. Da zarar an yi haka ƙofar ta koma tarin layuka, ba ta bin gyaran asali, ba ta kuma shiga ƙirga. Tun daga AutoCAD 2006 akwai bulo mai canzawa, wanda ake iya ƙara masa faɗi ko juya shi ba tare da an wargaza shi ba, don haka uzurin yin hakan ya ragu ƙwarai.

Har ila yau, gyaran bulo a fayil ɗaya ba ya kaiwa ga sauran fayiloli. Idan kowane gida da fayil ɗinsa, abin da ya dace shi ne umarnin XREF, wanda ya shigo manhajar a 1990, inda zanuka da yawa ke karanta tushe guda.

Saboda haka kafin a kai taswira Sashen Kula da Tsarin Gine-gine na Babban Birnin Tarayya don neman amincewa, ya kamata mai aikin ya nemi a nuna masa jadawalin ƙofofi da tagogi da aka ciro daga zanen, ya gwada shi da takardar ƙiyasin kuɗi. Ya kuma sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa za a ba shi ainihin fayil ɗin DWG, domin kwafin takarda ba ya ɗauke da bulo ko guda, kuma wanda zai faɗaɗa rukunin nan gaba sai ya biya kuɗin zane daga farko.