Amsoshin Tambayoyinku: Robar Sarƙar Babur Mai Ƙafa Huɗu

Malam mai sauraronmu daga Argungu, ka ce ƴar tayar robar da ke ɗame sarƙar babur ɗinka mai ƙafa huɗu ta cinye. Ba mamaki, yashin fadamar Rima da laka ba sa raga wa roba.

Samun sabuwa sai an dace, don irin wannan babur bai yawaita a Kebbi ba. Ɗauki tsohuwar ka kai wa masu injin feƙe ƙarfe a Birnin Kebbi, su feƙe maka irinta da sandar nailan. Idan ƙusarta milimita 8 ce, boris mai lamba 608 zai shiga. Kada dai ka ɗame sarƙar tamau, Malam. Ka bar mata ɗan wasa.